Garantin Sabon Gida Ba Shi da Amfani Matuƙar Ba a Yanke Ranar Gyara Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da take cin mutane da yawa a Yamai, amma ba kasafai ake jin ta a bainar jama'a ba, wato jan ƙafar da kamfanonin gine-gine da ƴan kwangila suke yi wajen gyara aibin da ya bayyana a sabon gida, alhali sun sa hannu a takarda cewa gyaran yana wuyansu har tsawon wani lokaci.

Duk wanda ya zaga bayan gari a ƴan shekarun nan, ta wajen Bobiyel da Kwara Tegi, ko ta hanyar Filinge da hanyar Wallam, ya ga yadda rukunan sababbin gidaje suke tsirowa a wuraren da gonakin hatsi ne a da. Galibin masu shiga waɗannan gidaje ba attajirai ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da ƙananan ƴan kasuwa, da ƴan'uwanmu da suke ƙetare suna aiko da abin da suka tara, kuma da yawansu da bashin banki suka saya, wanda ake cirewa daga albashi kowane wata har shekara goma ko fiye. Banki ba ya jinkirta cire kuɗinsa ko da kwana ɗaya domin rufin gida yana yoyo, saboda haka mai gida yana biyan kuɗin cikakken gida a kan kari, yana kuwa zaune cikin gidan da bai cika ba.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne, da wuya ka ga magini ya fito fili ya ce ba zai gyara ba. Ya san idan ya faɗi haka ya ba ka hujja a kansa. Abin da yake yi shi ne ya amsa da fara'a, ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, yaran suna wani aiki ne, da sun gama za su zo." Idan ka sake kira, a ce maigidan ya yi tafiya. Idan ka je ofis, a ce a bari a yi salla. Idan tsagewar bango ka kai ƙara, a ce maka ai gini ne yake zama, kowane sabon gida haka yake yi. Wani lokaci a turo yaro da bokitin siminti ya shafe wurin, a bi da fenti, a rubuta a littafinsu cewa an gyara. Kowace amsa ita kaɗai tana kama da uzuri mai karɓuwa, sai an jera su ne mutum yake gane cewa lokaci ake ci, kuma lokacin nan shi ne dukkan abin da takardar garanti ta ba shi.

Yanayin ƙasarmu ma yana taimaka wa mai jan ƙafa. Damina a Yamai wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, kuma ita kaɗai ce take iya gwada rufi da magudanar ruwa da gindin bango. A ce mutum ya karɓi makulli a watan Nuwamba da garantin shekara ɗaya. Zai yi wata bakwai ko takwas bai san halin da rufinsa yake ciki ba, domin ba ɗigon ruwan da ya sauka a kai. Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya zo a Yuli, ya ga danshi yana bin kusurwar ɗaki, saura masa wata huɗu kacal. Ya kai kuka, sai a ce masa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba a gyaran dal, wato rufin kankare, ana ruwa, a bari damina ta ɗauke. Damina ta ɗauke a farkon Oktoba, bango ya bushe, tabon ya dushe, sai a ce ai ga shi nan ya daina. Kafin ya ankara Nuwamba ta zagayo, a buɗe masa takarda a nuna masa cewa wa'adi ya cika. Ko da an yi gyaran a cikin rani, ba mai iya sanin ko ya yi sai damina ta gaba, lokacin da garantin ya riga ya mutu. Wannan lissafi maginan sun san shi sarai, masu saye ne ba su cika yin sa ba.

Jinkirin kuma ba ya barin ɓarnar yadda ya same ta. Ruwan da ya sami hanya cikin dal yana isa ga ƙarfen da ke ciki, ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen cin wuri, sai ta tura kankaren daga ciki har ya fashe ya fara zubowa. Zafin Afrilu da Mayu, wanda yake haura digiri 40, yana buɗa ƴar tsagewar da ta fara kamar zare, damina ta zo ta cika ta da ruwa. Danshin yana bin bututun wayoyin lantarki, kuma wannan ya wuce maganar kyan ɗaki, ya zama maganar ran yara. Aikin da buhun siminti biyu da kwalta kaɗan za su gama a shekarar farko, idan ya kai shekara ta uku sai an fasa an sake. Yawancin wannan aibi kuwa tun daga wurin aiki aka haife shi: bulon da aka buga da yashi mai yawa domin buhu ɗaya ya ba da fiye da ƙima, da kankaren da ba a yi ta shayar da shi ruwa ba a kwanakin farko, alhali kowane injiniya ya san sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa, da harsashin da aka haƙa ba a duba irin ƙasar ba.

Tun bayan ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya kai mita 7 a Yamai ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye da Saga, da kuma ta 2024 wadda ta hallaka fiye da mutum 300 ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, maginan sun sami sabon uzuri, wato ruwan bana ya wuce misali, ikon Allah ne. Babu mai musun ikon Allah, kuma gidan da kogi ya ci ba laifin magini ba ne. Amma gidan siminti da yake kan tudu, wanda ruwan sama na yau da kullum yake ratsa rufinsa a daminarsa ta farko alhali na maƙwabci bai yi ba, bai kamata a jingina aibinsa ga bala'in da ya sami bayin Allah da suka rasa rayuka da matsuguni ba. Yin haka cin fuska ne ga waɗanda abin ya shafa da gaske.

Mutane da yawa suna zaton idan shekarar garanti ta wuce, shi ke nan, hakkinsu ya faɗi. Ba haka doka ta ce ba. Kundin dokokin zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa lokacin samun ƴancin kai a 1960 yana da aya ta 1792, wadda ta ce idan ginin da aka yi a kan yankakken farashi ya lalace, dukkansa ko sashensa, saboda aibin gini ko ma aibin ƙasar da aka ɗora shi a kai, mai zanen gini da ɗan kwangila su ne da alhaki har shekara 10. Aya ta 2270 ta ƙarfafa wannan, domin sai bayan shekara 10 ta sauke musu nauyin manyan sassan gini. Wannan ya shafi harsashi da ginshiƙai da bango da rufi. Ƙananan abubuwa irin su famfon da ke ɗiga da ƙofar da ba ta rufuwa da fentin da ke ɓarewa, su ne suka dogara da abin da aka rubuta a yarjejeniya, ita kuwa yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida, aya ta 1134 ta ce matsayin doka gare ta a tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Akwai kuma aya ta 1144, wadda na fi so kowane mai sabon gida ya sani, domin ta ba alƙali damar ya yarje wa mai hakki ya sa wani ya yi aikin, kuɗin kuma ya fito daga aljihun wanda ya ƙi yi.

Inda gizo yake saƙar shi ne, waɗannan ayoyi sun faɗi shekarun da alhaki yake ɗauka, amma ba su faɗi kwanakin da magini yake da su ba tsakanin ranar da aka sanar da shi da ranar da zai zo da kayan aiki. Takardun garantin da na gani a hannun maƙwabta su ma haka suke: kamfani ya yi alkawarin gyara "cikin lokacin da ya dace", ba tare da an ce lokacin kwana nawa ba ne, kuma ba a ce me zai biyo baya idan ya saɓa ba. Ita Faransar da muka gaji dokar daga gare ta, ta ga wannan giɓi tun tuni. A 1978 ta yi dokar da ta raba garanti gida uku, shekara 1 ga duk wani aibi da aka nuna, shekara 2 ga kayan da ake iya cirewa a sauya, shekara 10 ga ƙarfin ginin kansa, ta kuma wajabta inshorar da take biyan kuɗin gyara tun kafin a gama jayayya kan mai laifi, inda kamfanin inshora yake da kwana 60 ya ba da amsa, da kwana 90 ya faɗi abin da zai biya. Ba cewa nake a kwafo dokarsu baki ɗaya ba, domin aljihunmu ba ɗaya ba ne. Abin ɗauka a ciki shi ne an sa wa kowane mataki adadin kwanaki.

Ni kaina ina cikin waɗanda abin ya shafa. Gidan da na saya a wani rukuni a arewacin gari ya fara yoyo ta kan ɗakin yara a daminar farko, kuma na sha irin amsoshin da na lissafa a sama har damina ta fita. Da na zauna da maƙwabta sai muka tarar kusan duk gidajen layinmu a wuri guda suke yoyo, inda dal ya haɗu da ɗan bangon da ya kewaye rufi, kuma kowannenmu an faɗa masa cewa nasa ne kaɗai. Muka haɗa kuɗi muka ɗauko ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, ya zo ya duba gida gida, ya ɗauki hotuna, ya rubuta abin da idonsa ya gani, sa'an nan ya kai wa kamfanin takardar gargaɗi mai ɗauke da wa'adi, tare da bayanin cewa idan wa'adin ya wuce za mu nemi alƙali ya ba mu izinin ɗaukar wani magini a kan kuɗinsu. Ma'aikatan da aka ce suna wani aiki sun bayyana kafin wa'adin ya cika. Ba a gama komai ba har yanzu, amma an fasa gefen rufin an sake shi yadda ya kamata, kuma mun sa sun rubuta cewa alhakin wannan gyara yana kansu har a ga bayan damina mai zuwa.

Daga abin da na gani, kariyar mai gida tana farawa ne tun ranar karɓar makulli, kamar yadda Hausawa suke cewa, tun ran gini tun ran zane. Kada murnar shiga sabon gida ta sa mutum ya sa hannu a takardar karɓa bai zaga ba. Ya zo da wanda ya san gini, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin, a buɗe kowane famfo, a kunna kowace fitila, a ƙwanƙwasa daɓen a ji inda yake da rami a ƙasa, a hau rufi a toshe mazurarin ruwa a zuba ruwa ya kwana, domin a ga abin da damina za ta nuna tun ba ta zo ba. Duk aibin da aka gani a rubuta shi a jikin takardar karɓar, da ranar da za a gyara, domin aibin da yake a fili ranar karɓa idan ba a rubuta shi ba, ana ɗaukar mai gida ya yarda da shi. Bayan an shiga, duk abin da ya bayyana a sanar da shi a rubuce, a kai takardar ofis, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafin da mutum zai riƙe. Saƙon murya na WhatsApp yana da amfaninsa, amma bai kai takarda mai hatimi ba a gaban alƙali. Idan tsagewa ce, a manna mata ɗan farin siminti a gicciye a rubuta rana a gefe. In ya tsage bayan ƴan makonni, to bangon yana motsi, kuma maganar "gini ne yake zama" ta ƙare.

Abu biyu nake gargaɗin ƴan'uwa a kansu. Kada haushi ya sa mutum ya kira nasa magini ya fasa wurin kafin a rubuta shaidar halin da yake ciki, domin kamfanin zai ce hannun wani ya taɓa aikin, ya zame. Kada kuma ya daina biyan banki da sunan matsa wa magini, domin bashin banki dabam yake da yarjejeniyar gini, kuma shi ne zai kwana a ciki.

Sai dai na lura babban abin da yake ɗaure mana hannu ba rashin sanin doka ba ne, kunya ce. Sau da yawa ɗan kwangilar ɗan unguwa ne, ko abokin yaya, ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci, kuma da zarar ka ambaci takarda sai ya ɓata rai ya ce: "Haba Malam, ai mun zama ɗaya, me ya kawo takarda tsakaninmu?" Matan da mazajensu suke ƙetare, da gwauraye, su suka fi shan wannan, domin ana ganin ba za su iya ɗaga murya ba, sai a yi ta ce musu "Hajiya, ki ƙara haƙuri" har shekara ta ƙare. Ina ganin mun juya al'amarin. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, a kuma kafa shaidu, kuma ga muminai aka saukar da ita, waɗanda suka fi mu amincewa da juna. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Hadisi ingantacce kuma ya ce jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne. Gyaran da magini ya yi alkawari bashi ne a kansa, kuma kamfanin da yake da ma'aikatan da zai fara sabon rukuni a wata unguwa ba zai ce ba shi da halin toshe rufin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ba. Wanda ya nemi a rubuta rana bai ci zumunci ba. Abin da yake ɓata zumunci shi ne shekara guda ta kiran waya da ɓuya da ƙunar rai.

Adalci ne in faɗi cewa maginan ma suna da nasu kukan. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ake shigowa da su sun koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso, wanda ya je kasuwar Katako kuwa ya ga yadda farashin ƙarfe da kayan famfo ya motsa. Akwai masu gidan da suke riƙe cikon kuɗin magini ba dalili, da waɗanda suke ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi domin haka ba, sa'an nan su zo suna neman garanti. Akwai kuma maginan kirki da suke dawowa gyara ba tare da an bi su ba, kuma na san wasu. Amma siminti a ƙasarmu ake yin sa a Malbaza, gwamnati kuma ta rage farashinsa a watan Oktoba na 2024, saboda haka tsadar kaya ba ta isa ta bayyana watannin da ake ɗauka kafin a aiko wanda zai duba yoyo ba.

Roƙona ga ma'aikatar da ke kula da gidaje da tsara birane shi ne ta fitar da samfurin yarjejeniya guda da duk mai gina gidajen sayarwa zai yi aiki da shi, wanda zai faɗi kwanakin zuwa duba aibi, da kwanakin gama gyara, da tarar kowace rana da aka ƙara, ya kuma tanadi cewa aibin da aka sanar a rubuce kafin wa'adi ya cika yana nan a wuyan magini ko da wa'adin ya wuce. Garantin rufi da magudanar ruwa kuma a auna shi da damina, ya zama ba ya ƙarewa sai gida ya ga cikakkiyar damina biyu. Gwamnati da kanta, idan ta ba da kwangilar gini, takan riƙe har kashi 5 cikin 100 na kuɗin sai an yi karɓar ƙarshe bayan lokacin garanti, domin ta san abin da yake dawo da ɗan kwangila wurin aiki. Ban ga dalilin da zai hana malamin makaranta irin wannan kariya ba. A gidan miliyan 20 na sefa, miliyan 1 ke nan, kuma bankunan da suke ba da bashin gida su ne suka fi kowa sauƙin aiwatar da haka, tun da ta hannunsu kuɗin yake wucewa, gidan kuma shi ne jinginarsu: su ajiye wannan kaso a wurinsu, kada su sake shi sai mai gida da magini sun sa hannu cewa an gyara abin da aka lissafa.

Ƙungiyoyin kare hakkin masu saye, waɗanda muke jin muryarsu a kan farashin shinkafa da kuɗin waya, ina kira gare su da su buɗe ƙofa ga masu wannan kuka, tun da ƙasar tana da dokar kare masu saye tun 2015, gida kuwa shi ne saye mafi girma da yawancinmu za mu yi a rayuwa. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zaga sababbin rukunan gidajen bayan gari a tsakiyar watan Agusta, ya shiga ɗakuna ya dubi rufi, ya nemi mazauna su nuna masa takardun garantinsu da ranar da suka fara kai kuka, sa'an nan ya je ya ji ta bakin kamfanonin, a buga duka biyun a shafi ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani magidanci daga arewacin Yamai